Tambayi Bakanike: Wai Akwai Turbon da Ba Ya Shan Mai?

Rabin wasiƙun da suka taru mini a wannan wata a kan turbo suke, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Masu tambaya kan giya da birki su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Malam bakanike, barka da aiki. Tirela nake ja, ina ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano. Turbon motar ya mutu sau biyu cikin shekara guda, kuma kowane karo sai a ce mini matsalar baƙin mai ce. Yarona ya nuna mini a wayarsa cewa Turawa sun ƙera turbon da ba ya buƙatar mai sam. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ina zan same shi, ko da tsada? Daga wani direba, Funtuwa.

Amsa: Malam direba, Allah ya kiyaye hanya. Yaronka bai yi maka ƙarya ba, akwai shi. Amma mayar da kuɗinka aljihu, don ba za ka same shi a Ƙofar Ruwa ba, ba za ka same shi a Ladipo ba, ko Jamus ka aika ba za a ɗauko maka shi daga kan kanta ba. An ƙera shi, an gwada shi, ya yi aiki, sai dai bai shiga kasuwar motoci ba. Turbon da kamfanonin Garrett da BorgWarner da Holset da IHI suke ɗaura wa motocin da ke bin titi a yau da baƙin mai yake rayuwa.

Mu fara da abin da ke cikin naka. Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da injin ya fitar shi ke juya ta farko kafin ya wuce salansa, ita kuma ta ja ta biyun, wadda ke cusa iska cikin injin da ƙarfi don ya iya ƙona gas mai yawa. Dabarar tsohuwa ce, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista tun 1905. Abin da ko makanikai ba su cika tunawa da shi ba shi ne gudun sandar nan. Injin tirelarka a kan hanya yana juyi kamar 1,500 a minti, turbonsa kuwa yana kaiwa wajen 100,000. Na ƙananan motoci yana haura 200,000, wato sama da juyi 3,000 a daƙiƙa ɗaya. Ga kuma zafi: hayaƙin injin gas yana kaiwa digiri 700, na fetur har ya kusa 1,000.

A tsakiyar wannan wuta sandar tana zaune cikin bushin tagulla, kuma in komai lafiya ba ta taɓa shi. Famfon man injin yana turo baƙin mai ta wani siririn bututu, man ya shiga tsakanin sanda da bushi, ta yi ta juyi a kansa. Aiki uku man yake yi a wurin. Yana ɗauke da sandar, yana kwashe zafi ya koma da shi cikin injin, yana kuma shanye girgiza. Ka riƙe ukun nan, domin duk wanda ya ce zai kori mai daga turbo sai ya samo mai yi masa su.

Abin da aka samo iska ce, kuma masu jiragen sama ne suka fara. A cikin jirgi akwai wata na'ura mai gudun gaske da ke sanyaya iskar da fasinja ke shaƙa, kuma ba wanda ke son mai ya yoyo cikinta. A 1969 kamfanin Garrett AiResearch na Amurka ya ƙera wa jirgin DC-10 irin wannan na'ura da boris na iska, wato mazaunin sanda da iska ke ɗauke da ita maimakon mai, ba ɗigon mai a cikinsa. Abin ya karɓu har ya zama yau kusan kowane jirgin fasinja da shi yake tashi. In ka taɓa zuwa Makka ta sama, ka shaƙi iskar da ya sanyaya.

Sai dai iskar jirgi daban, hayaƙin injin gas daban. Shafen da ake yi wa boris ɗin jirgi dangin Teflon ne, irin wanda ke hana abinci kamawa a kaskon suya, kuma ba ya jure zafin da ya wuce digiri 250 ko kusa da haka. Sai da cibiyar bincike ta Glenn ta hukumar NASA mai binciken sararin samaniya a Amurka, a birnin Kilibilan na jihar Ohayo, ta haɗa wani shafe mai suna PS304 kafin a iya tunkarar turbo. A 1999 suka haɗa kai da kamfanonin Mohawk Innovative Technology da Caterpillar da Schwitzer, suka ɗauki turbon babbar mota, suka cire masa bushi da hanyoyin mai, suka sa boris na iska. A kan bencin gwaji ya yi juyi 95,000 a minti, iskar da ke dukan fankarsa tana digiri 650, bai ƙone ba.

To shekara ashirin da ɗoriya kenan, ina yake? Ra'ayina, lissafin kuɗi ne ya riƙe shi fiye da rashin ilimi. Injin yana da baƙin mai, yana da famfonsa, yana da filtarsa, ko da turbo ko babu. Mai ƙera mota bututu biyu kawai zai ƙara da bushin tagulla mai araha, ya gama. Boris na iska kuwa yana son sanda mai kauri don ya samu faɗin da zai ɗauki nauyi, sanda mai kauri tana da nauyi, sai an sake zana turbon daga tushe. Iska ba ta shanye girgiza kamar mai, ga shi turbo a jikin injin yake, yana shan jijjiga da bugun hayaƙi da faɗawa rami. Zafin da mai ke kwashewa kuma sai an saci wani kaso na iskar da turbon ya matsa an ratsa da ita ta cikin boris, wato an rage wa injin abin da aka yi turbon dominsa. Duk waɗannan an san maganinsu, amma in aka tara kuɗin, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu ga motar da za a ƙera dubu ɗari-ɗari.

Yanzu ga naka. Turbon da ya mutu sau biyu a shekara kashe shi ake yi. Tambayi wanda ya ɗaura maka na biyun ko ya canza bututun da ke kawo mai, ko kuwa tsohon ya mayar. Bututun nan yana toshewa da ƙonannen mai daga ciki, a waje kuma ka gan shi fes. Tambaye shi ko ya ɗura mai a bakin sabon turbon ya juya sandar da yatsa kafin a tada injin. In gam ya shafa a bakin bututun maimakon gasket, gam ɗin yana ɓantarewa ya shiga ramin mai. Kai kuma, in ka hau tudu da kaya ka isa inda za ka tsaya, bar injin a silo minti biyu zuwa uku kafin ka murɗa makulli. Kana kashewa famfon mai ya tsaya, zafin fankar hayaƙi ya gangaro ta sanda ya soya man da ya rage a bushi ya zama gawayi. Washegari a kan gawayin nan sandar za ta tashi. Sannan ka daina sayen baƙin mai na awo daga durom ɗin da ba ka san asalinsa ba.

Tambaya: Baba, ina karatun injiniyan injina a kwalejin kimiyya da fasaha. Na kasa gane yadda iska za ta riƙe ƙarfe. Akwai famfon da ke hura ta ne? Kuma in injin ya tsaya, ai sandar za ta zauna a kan ƙarfe, ba za ta ci ba? Daga wata ɗaliba, Kaduna.

Amsa: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Akwai irin boris da famfo ke hura wa iska daga waje, ana amfani da shi a wasu injinan awo da sassaƙa, amma wanda muke magana a kansa ba shi da famfo. Sandar da kanta take jawo iskar.

Kin san abin da ke faruwa in mota ta shiga ruwan da ya kwanta a kwalta da gudu. Taya ta kasa ture ruwan, ya cusu ƙarƙashinta, ta hau kansa, sitiyari ya saki a hannun direba. Abin da direba ke tsoro shi injiniya ke nema a nan. Sanda tana juyi tana jan iskar da ke manne da jikinta, tana tura ta inda tazarar da ke tsakaninta da boris ta tsuke. Iskar ta matsu, ta rasa wurin zuwa, sai ta ɗaga sandar. Bushin mai ma a kan wannan ƙa'ida yake aiki. Bambancin yana wajen danƙo. Ko baƙin mai ya yi zafi ya tsinke, danƙonsa ya ninka na iska sau ɗaruruwa. Saboda haka shimfiɗar iskar da za ta ɗauki sanda siririya ce ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, kuma sai gudu ya yi gudu take samuwa.

A nan gizo ke saƙar. In kika huda ƙarfe mai tauri kika sa sanda a ciki da irin wannan tazara, da zarar zafi ya kumbura sandar tazarar ta rufe, su kama juna, a wannan gudun kuma sai dai a kwashi gutsattsari. Shi ya sa ake yi wa ramin shafi da fallayen ƙarfe biyu masu laushi, kowanne kaurinsa kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita, galibi daga Inconel, ƙarfen nan mai yawan nikel da ba ya sakin jiki a wuta. Na sama, wanda ke kallon sanda, sumul yake. Na ƙarƙashinsa mai tudu-tudu ne, yana aikin sifirin. Sanda ta kumbura, fallayen su ja baya. Ta ɗan karkace, su bi ta. In girgiza ta zo, fallayen suna goga juna kaɗan-kaɗan, gogayyar nan ita ke shanye ta. Ga wani abin da nake so ki rubuta a littafinki: mai yana tsinkewa in ya yi zafi, iska kuwa danƙonta ƙaruwa yake yi. Zafin da ke kashe bushin mai ba ya raunana shimfiɗar iska. Ƙarfen da shafen su ne abin damuwa.

Tambayarki ta biyu ita ce ta hana injiniyoyi barci shekaru. E, tana ci. Duk tashi da duk tsayawa sandar tana gogar falle na ɗan lokaci, har sai ta kai juyi dubu kaɗan a minti sannan ta ɗagu. Ba a ƙirga ran irin wannan boris da awannin da ya yi yana gudu, da yawan tashi da tsayawa ake ƙirga shi. Aikin shafen kenan. PS304, wanda Christopher DellaCorte da abokan aikinsa suka haɗa a NASA, gari ne da ake fesa wa sanda da wuta mai tsananin zafi, a goge shi ya yi santsi. Kashi 60 cikin ɗari haɗin nikel da kuromiyam ne, shi ke riƙe sauran. Kashi 20 sinadarin kuromiyam ne mai tauri don kada ya cinye. Kashi 10 azurfa ce, ita ke ba da santsi in sandar na da sanyi. Kashi 10 na ƙarshe wasu gishirin fulorayid ne na bariyam da kalsiyam, waɗanda ke yin laushi su ba da santsi in wuta ta kai wuta. Daga sanyin asuba har digiri 650 akwai mai karɓar aiki, kuma a gwaji ya jure tashi da tsayawa dubun-dubatai. Daga baya sun fito da wanda ya gaje shi, PS400.

Tunda ɗaliba ce ke, ki san inda fasahar ta samu gida. Motocin haidirojin suna da akwatin da ke haɗa haidirojin da iska ya ba da lantarki, kuma yana buƙatar abin da zai cusa masa iska da ƙarfi, kusan turbo ne amma lantarki ke juya shi. Ɗigon mai in ya shiga akwatin nan yana lalata shi. A nan lissafin da na yi wa direban Funtuwa ya juye: ba baƙin man da za a ara, ba kuma a son sa. Honda Clarity ta 2016 ta fito da irin wannan na'ura ta Garrett mai boris na iska. In za ki zaɓi abin da za ki yi bincike a kansa, ta nan ƙofar take.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da Hilux mai gas. Wani mai kayan mota ya ce zai kawo mini turbon da ba a haɗa masa bututun mai. In saya? Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi.

Amsa: Alhaji, tambaye shi me ke cikinsa. Akwai turbo da ake kira marar mai a kasuwar masu tseren mota, kamfanin Comp Turbo na Kalifoniya yana yin su. Amma ba iska ke ɗauke da sandarsu ba. Boris ne mai ƙwallaye da aka cika da giris mai jure zafi, kuma akwai kan da ake ɗura masa giris lokaci-lokaci. An yi su ne don wanda ya ɗaura turbo a wurin da mai ba zai iya gangarowa ya koma injin ba, kamar can bayan mota. Hilux ɗinka tana da bututunta, kuma in sabuwar ƙira ce kwamfutar motar ce ke sarrafa fikafikan da ke cikin turbon, baƙo ba zai ji yarenta ba. Nemi mai lambar da ke jikin naka.

Tambaya: Oga, ni ma bakanike ne. Kwanaki wata tifa ta haukace a garejinmu, aka cire makulli ta ƙi mutuwa, tana ta ihu da farin hayaƙi har injin ya buga. Mun buɗe mun tarar turbo ne ya zubar da mai. Turbon iska zai kawo ƙarshen wannan? Kuma zai iya da ƙurarmu? Daga wani abokin sana'a, Panteka.

Amsa: Abokin aiki, sannu da wannan tashin hankali, Allah ya sa ba wanda ya ji ciwo. Ga masu karatu da ba su taɓa gani ba: injin gas ba ya buƙatar fulogi, duk abin da zai ƙone in ya shiga silinda zai ci. In turbo ya fara zubo baƙin mai ta ɓangaren iska, injin ya koma cin man nasa. Gudu ya ƙaru, turbon ya ƙara zubowa, makulli kuma gas kawai yake yankewa. Maganinsa a hana shi numfashi. A toshe bakin iska da katako mai faɗi, ko a fesa masa abin kashe gobara mai iskar kabon, ko in mai giyar hannu ce a danna birki a sa babbar giya a saki kuloci. Kada a sa tafin hannu, kada a sa tsumma, zai haɗiye shi. In abin ya fi ƙarfi a ja da baya, injin ana sayen wani.

Turbon iska zai toshe wannan hanya, tunda ba man da zai zubar. Yana cikin abubuwan da masu yin sa ke tallata shi da su, tare da cewa ba man da zai taru a intakula, mai sanyaya iskar da turbo ya matsa, ko ya ɓata matatar hayaƙi, ana iya ɗaura shi a kwance ko a tsaye, kuma da sanyin safiya ba man da ya yi kauri da zai riƙe sanda. Amma mai yana iya biyowa ta bututun numfashin injin in ringi sun cinye, don haka haukan ba zai ƙare gaba ɗaya ba.

Ina so ka lura da wani abu game da turbon da ke gabanmu yau. Yara da yawa a gareji suna zaton akwai oyil sil na roba a cikinsa. Babu, roba ba za ta rayu a wurin ba. Ƙananan ringi ne na ƙarfe, kuma abin da ke hana mai fita shi ne matsin iskar da ke bayan fankokin ya fi na cikin gidan bushi. In filtar iska ta toshe, fankar tana zuƙa ba ta samu, sai ta zuƙo mai ta bayan ringin. In bututun komawar mai ya lanƙwashe ko ya toshe, mai ya taru ya nemi mafita. In injin yana hura hayaƙi cikin kwanon mai, matsin ya hana mai gangarowa. A duk ukun nan turbon lafiyarsa ƙalau, a cire shi a ɗaura sabo, sabon ma ya zubar. Kafin ka yanke wa tifar nan hukunci, duba su.

Maganar ƙura kuwa, fallayen nan suna da haƙuri fiye da yadda mutum zai zata, don suna ja baya ƙananan ƙwayoyi su wuce. Amma iskar da za ta sanyaya su daga bayan filtar injin za a ɗebo ta, don haka duk abin da filta ta bari zai bi ta inda shafen nan yake, a tazarar da na faɗa wa ɗalibar Kaduna. Fankar iska kuma ko da wane irin boris take juyi, alminiyam ce, yashi yana cin bakin fikafikanta har ta rasa daidaito. Ka san al'adarmu: filta ta toshe da hazon hunturu, yaro ya cire ta ya buga a jikin taya, ya hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta yage, ya mayar. Ka ɗaga ta ka haska tocila daga ciki. In haske ya ɓullo ta wani rami, jefar da ita. Ka kuma shafa yatsa cikin robar da ke tsakanin filta da turbo, in ka ji gari, akwai inda take shan iska ta gefe, sai ka bi kilif-kilif ɗin ɗaya bayan ɗaya har ka gano wanda ya saki.